Littafina da Birkin Motar Baba

Ƙarfe ɗaya saura minti ashirin na rana, wata Asabar a farkon damina, na rufe littafina na ce wa Baba, "An gama." Na san lokacin daidai domin na duba agogon hannuna na rubuta shi a ƙasan shafin, kamar yadda nake yi wa komai a wancan zamanin. Minti shida bayan haka Umma tana zube a bakin ƙofar gidanmu, ƙafarta ta hagu a karye.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Azare a lokacin. Ni ce auta, yayyena mata biyu sun yi aure, babu namiji a gidan sai Baba. Ba ni da surutu. Idan baƙo ya yi sallama, kafin ya cire takalmi na shige ɗaki. Abin da na iya shi ne rubutu. Ina da littafin makaranta mai shuɗin bango wanda ba na darasi ba, a ciki nake rubuta ranar da aka yi ruwan farko, da ranar da kaza ta ƙyanƙyashe, da yadda Umma take haɗa yajin daddawa, mataki bayan mataki, kowanne da lambarsa. Baba shugaban wata firamare ne a kan hanyar Katagum, kuma yana ji da wannan hali nawa. Yakan ce wa baƙi, "Abin da Uwata ta rubuta, ko alƙali ba ya ja da shi." Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Motarsa tsohuwa ce, fara, ya saye ta a hannun wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki. Birkin hannunta ya daɗe da mutuwa, dutse muke sa mata a bayan taya. Mutum ɗaya ne rak Baba ya yarda ya taɓa ta, wani Kirista daga kudancin Bauchi da ke aiki a garejin gwamnati, duk unguwa Injiniya ake ce masa. Ranar Asabar yakan zo da jakar sifanoninsa a bayan babur, ya yi gyaran a tsakar gidanmu. Shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi ya ce, "Hedimasta, wannan motar taka ta girmi takardar shaidarka." Baba ya ce, "Duk da haka ta fi ka jin magana."

Shekara biyu kafin wannan Asabar ɗin, Injiniya ya canza wa motar birkin gaba, ni kuma na zauna a tagar ɗakina, bayan labule, na rubuta duk abin da ya yi. Ban san sunayen kayan ba, kunya kuma ba za ta bar ni in fita in tambaya ba, sai na raɗa musu nawa. Ƙarfen nan mai zagaye da ke juyawa tare da taya na sa masa faifai. Abin da ya rungume shi ta gefe na sa masa muƙamuƙi, domin cizon faifan yake yi idan an taka birki. 'Yan ɓangarori biyun da ke cikin muƙamuƙin, waɗanda su ne ke cinyewa, na ji Injiniya ya ce musu fad, sai na rubuta haka. Mataki talatin da ɗaya na samu. Na ashirin da tara, bayan ya mayar da tayoyi ya sauke motar ƙasa, ga abin da na rubuta: "Ya zagaya ya shiga wajen direba ya zauna ya huta. Ya sha kunun da Umma ta aika masa. Yana ɗan rausaya kamar mai jin waƙa. Minti biyu." Na talatin, ya wanke hannu da yashi da sabulu. Na talatin da ɗaya, ya fitar da motar ya zagayo da ita.

A wannan damina birkin ya sake fara kuka, ƙarfe yana cin ƙarfe, sitiyari yana rawa a hannun Baba duk sanda ya taka. Injiniya kuwa ba ya gari. Mahaifiyarsa ta rasu, ya tafi ƙauyensu, inda wayar hannu ba ta kamawa. Baba ya yi ta gwada lambarsa har ya gaji. Ranar Juma'a da yamma sai ga shi ya dawo daga kasuwa da faifai biyu sababbi naɗe a takarda mai maiƙo, da ƙaramin kwalin fad.

"Uwata, ba kin rubuta yadda ake yi ba?"

Na ce na rubuta.

Umma tana tankaɗe a baranda, ta ɗago. "Malam, kai da ko ƙwan fitila ne ya mutu sai ka yi masa kallon minti goma kafin ka taɓa? Ka kai ta gareji mana."

"In kai ta wajen waɗanda ban sani ba su cire mini mai kyau su sa mini mara kyau? Ga takarda, ga mai karatu, ga hannu. Me ya rage?"

"Hankali ya rage," in ji Umma, muka yi dariya har da shi.

Ban taɓa jin daɗin wata safiya kamar ta wannan Asabar ba, kuma har yau ina jin nauyin faɗin haka. Mun fara ƙarfe takwas da kwata. Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta zuwa gona, ni na shimfiɗa buhu a gefen taya na zauna da littafi a cinya. Ina karantawa yana yi. Dutse a bayan tayoyin baya. A sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa. A ɗaga da jak, a tura kututturen icce a ƙarƙashi saboda ko jak zai zame. Da taya ta fita na ga abin da shekara biyu ina ganinsa a takarda kawai, sai na ji kamar na haɗu da ɗan'uwan da na sani a hoto.

Notoci biyu ne a bayan muƙamuƙi, daidai inda na rubuta. Da suka fita na ce wa Baba kada ya bar shi yana reto a jikin robar man birki, Injiniya da waya ya rataye shi. Baba ya kalle ni ta saman tabarau, ya je ya warware wayar shanya ya kawo. Tsofaffin fad ɗin sun cinye, ba su fi kaurin farce ba. Tsohon faifan kuwa duk ya yi layi-layi kamar kunyar gona. Ya ƙi fita saboda tsatsa, Baba ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, sai na karanta masa mataki na sha huɗu: a ɗora katako, a buga da guduma ta baya, ana juyawa. Bugu na biyar ya saki.

"Allahu akbar," in ji Baba. "Hajiya, zo ki ga 'yarki!"

"Ina gani daga nan. Ku dai kada ku bar mini baƙin mai a tsakar gida."

Muka goge sabon faifan da fetur muka sa. Sannan aka zo wurin da ya fi ba mu wahala. A cikin muƙamuƙin akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin gwangwani, shi ke turo fad. Dole a mayar da shi ciki sosai kafin sababbin fad masu kauri su sami wurin shiga. Baba ya sa guntun katako da ƙarfen taya ya danna a hankali, a hankali, kamar yadda na rubuta, har ya koma ya lafe. Fad suka shiga kamar an auna. Da muka koma ɗaya tayar ban bar littafin a hannuna ba, na ajiye shi na riƙe wa Baba sifana, hannuna ya yi baƙi har wuyan hannu. Wajen sha biyu Umma ta kawo kunu a jug, Baba ya ce ta ajiye sai mun gama.

Muka mayar da tayoyi, muka sauke motar, Baba ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya ya ƙara ɗaurewa. Ya miƙe yana dafa ƙugu, ya kalli gabas inda hadari ya fara haɗuwa.

"Saura me, Uwata? Ina so in zagayo da ita kafin azahar."

Na duba. Ashirin da tara. Na karanta shi a zuciyata. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa mahaifina littafi ya ce ya shiga mota ya huta ya sha kunu? Dariya zai yi, Umma kuma ta samu abin tsokanata na wata guda. Hutu ai ba gyara ba ne. Wanke hannu ma ba gyara ba ne. Na duba agogo, na rubuta lokaci, na rufe.

"An gama."

Tsakar gidanmu ta fi titi tudu, an cike ta da ƙasa saboda ruwan damina, sai aka yi gangaren siminti daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofa. Ƙofar ta ƙarfe ce mai ganye biyu, na hagun ba ya tsayawa da kansa in ana iska, sai an riƙe. Aikina ne riƙe shi kullum. Ranar na janye duwatsun bayan taya, na tsuguna a bakin rijiya ina cuɗa hannu da yashi da sabulu, sai Umma ta taso.

"Ci gaba da wankinki, bakanikiya. Ni zan riƙe, kada ki shafa wa ƙofa baƙi."

Baba ya tayar da mota ya sa ribas. Ina gaban motar, ina ganin fuskarsa ta gilashi, yana murmushi, ya juya yana kallon baya. Motar ta fara sauka gangaren. Sai na ga murmushin ya ɗauke. Ya juyo ya kalli ƙasa wajen ƙafarsa, abin da direba mai ja da baya ba ya yi. Kafaɗarsa ta yi ƙasa, ta ɗago, ta sake yin ƙasa. Ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya finciko birkin hannun da ya san ba ya aiki, motar ta karkace hagu.

Ba gudu take yi ba. Wannan shi ne abin da na kasa fahimtar da kowa daga baya. Tafiyar mutum take yi, tafiyar mai zuwa masallaci da sauran lokaci. Da na yi ihu da Umma ta matsa. Ban yi ba.

Ƙarar kamar an taka busasshen karan dawa. Motar ta tsaya cak, ƙarfen bayanta ya matse ƙafar Umma da ginshiƙin ƙofa. Umma ba ta yi kururuwa ba. Cewa ta yi, "Malam," sau ɗaya, da muryar da take kiransa cin abinci.

Abin da ya biyo baya guntu-guntu nake tuna shi. Baba yana tura motar gaba da ƙirjinsa, ya manta injin yana kunne. Alhajin da ke maƙwabtaka da mu, mai sayar da hatsi, ya fito da hula a hannu. Matan gidansa suna salati. Ƙafar Umma daga ƙasan gwiwa ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. An ɗora ta a bayan a-kori-kurar Alhaji, aka ce in hau in riƙe kanta. Sai a asibiti wata ma'aikaciya ta ce mini, "Yarinya, je ki ɗauraye hannunki." Na duba, ashe kumfar sabulun ta bushe a kansu, da yashi, na shafa wa Umma a goshi da ɗankwali. Hoto ya nuna ƙashi biyu ne suka karye. Aka gyara, aka sa mata siminti daga cinya har yatsu.

Washegari gida ya cika da 'yan jaje. Baba yana zaune a tabarma a ƙofar gida, duk wanda ya zo sai ya maimaita masa, "Na taka, wallahi na taka, ya tafi har ƙasa kamar na taka auduga." Bayan la'asar Alhaji ya ce a ba shi makulli ya gani. Ina kallo ta tagata. Ya shiga ya taka, ya tayar, ya ɗan matsa gaba ya taka, motar ta tsaya har ta yi tsalle. Ya fita da ita titi, ya ba ta wuta, ya taka, tayoyi suka yi ƙara suka bar layi a ƙasa.

Ya dawo ya fito yana kaɗa makullin. "Malam, wannan birki ai ko tirela zai tsayar."

Wasu mutum biyu ma suka gwada. Haka. Baba da kansa ya shiga ya taka, na ga ya daɗe a zaune bai fito ba. Da ya fito babu wanda ya kalli idonsa. Wani dattijo ya ce, "Ƙaddara ce, Malam. Allah ya kiyaye gaba." Kowa ya ce amin da sauri, kamar an samu ƙofar fita.

Babu wanda ya faɗa a gabansa, amma na ji abin da ake faɗa. Kwana uku da sallamo Umma, Kawu, wanta, ya zo daga Gamawa. Ina ɗakin ina yi mata fifita, sai ya juya harshe zuwa Fillanci, yana zaton ba na ji. Ina ji, magana ce ba na mayarwa, kamar yadda ba na mayarwa da Hausar ma. Ya ce kowa ya san abin da ya faru, Malam totur ya taka a maimakon birki, shekaru sun fara ja, ga tabarau kamar gindin kwalba, kunya ce ta hana shi amsawa.

Umma ta amsa masa da Hausa, don kowa ya ji. "Yaya, ƙafar tawa ce ko taka?"

"Taki ce."

"To mai ƙafa ta ce ƙaddara ce. Ka sha furarka."

A ranar Baba ya rataye makullin motar a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinsa, ya lulluɓe motar da tamfol. Ya koma hawan motar haya zuwa makaranta, yana fita tun hantsi bai yi ba, yana dawowa da laka a bakin wando. Mutumin da ba ya cin abinci sai da labari ya koma ci shiru. Wata rana bayan sallar asuba ina shara a baranda na ji yana ce wa Umma, "Hajiya, wataƙila fa gaskiyarsu ce. Wataƙila ƙafata ce." Na leƙa, na gan shi zaune a bakin gado yana kallon ƙafarsa ta dama kamar ta wani ce aka ba shi ajiya.

Ni na ga kafaɗarsa tana sauka tana ɗagowa. Na ga ya kalli ƙasa. Mai taka totur ba ya haka, kuma injin bai yi gurnani ba, na tabbata bai yi ba. Amma idan ba ƙafar Baba ba ce, to littafina ne. Babu na uku. Kullum in na dawo daga makaranta sai in buɗe shafin in bi matakan da yatsa, in rufe ido in tuno hannun Baba yana yin kowanne. Na ɗaga tamfol na leƙa ta tsakanin ƙarfen taya da tocila, na ƙirga notoci, na shafa ƙasa ko man birki ya ɗiga. Babu. Na ashirin da tara kuwa idona tsallake shi yake yi, kamar yadda bakina ya tsallake shi. Ko sau ɗaya ban tsaya a kansa ba.

Na rubuta tambayar a takarda zan ba malaminmu na kimiyya, na yi kwana huɗu da ita a aljihun jaka, na kasa. Na tambayi Umma ina shafa mata mai a yatsun da suka leƙo daga siminti, ta ce, "Ke ma kin fara? Abin da Allah ya rubuta ya fi naki rubutun." Na tambayi Baba, da ƙyar, ina miƙa masa ruwan alwala.

"Baba, ko wani abu na karanta ba daidai ba?"

"Babu ruwanki a ciki, Uwata. Aikinki ya yi kyau. Ba ki ji abin da Alhaji ya ce ba?"

Wannan amsar ta fi kowacce yi mini ciwo. Ya wanke ni, ya ɗauki abin ya ɗora wa kansa, ni kuma ban san ko nawa ba ne yake ɗauke da shi. Na daina rubutu a littafin. Ruwa mai ƙarfi ya sauka sau biyu a makon, ban rubuta ba.

Sati uku cif bayan abin, ranar Asabar da hantsi, muka ji ƙarar babur ɗin Injiniya. Ya rame, ya aske kansa. Aka yi gaisuwa biyu a haɗe, Baba yana yi masa ta'aziyyar mahaifiyarsa, shi yana yi wa Baba jaje, kowanne yana cewa na ɗan'uwansa ya fi nauyi. Ya durƙusa daga nesa ya gaida Umma da ke kan katifa a baranda, ƙafar a miƙe kan matashi.

"Hajiya, sannu. An ce kin tare mota da ƙafa. Ai da kin bari na dawo na ba ki dutse."

"Injiniya, kai ka tafi ka bar mu da makanikan takarda," in ji Umma tana dariya, sai ta saci kallon Baba.

Injiniya bai ɗauki maganar ba. Suka zauna a benci a inuwar darbejiya, ni ina tagata. Ya tambayi yadda abin ya faru. Na kasa kunne in ji Baba ya ce ya taka ya tafi ƙasa. Bai faɗa ba. Bai ma ce mun taɓa birkin ba, ina jin nauyi yake ji abokinsa ya san ya sa hannu a aikinsa.

"Ƙafata ce ta zame," in ji Baba. "Tsufa. Ka nemo mini mai saye kawai."

"Haba, Hedimasta."

"Na gama magana. Wanda ya karya matarsa a ƙofar gidansa, ɗan wa zai bari a titi?"

Injiniya ya daɗe yana kallon tamfol ɗin. Ya ce to, zai duba. Ya sha ruwa, ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

Shekara bakwai mutumin nan yana shigowa gidanmu, ban taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana. Ban san lokacin da na ɗauki littafin ba. Na dai ga kaina a tsakar gida, babu takalmi, mayafi a karkace, na durƙusa a gabansa na miƙa da hannu biyu.

"Mu muka canza birkin," na ce. "Ni da Baba. Da wannan."

"Uwata," in ji Baba.

Injiniya ya karɓa ya juya shi, ya nisanta shi da idonsa. "'Yar Hedimasta, ashe kina magana? Ban zo da tabarau ba. Karanta mini."

Ya koma ya zauna. Na fara daga na ɗaya. Yana gyaɗa kai. Da na ce muƙamuƙi ya yi dariya har da buga cinya, ya ce sunan ya fi na Turawa dacewa. Da na zo wurin rataye shi da waya ya ce, "Kai! Yaran garejinmu ma sai na yi ta faɗa." Da na zo wurin mayar da gwangwanin ciki ya daina dariya, ya gyara zama. Wannan karon ban tsallake komai ba, domin ba ni da sauran kunyar da zan ji. Na karanta na ashirin da tara yadda yake, da kunun, da rausayar, da minti biyun.

"Tsaya. Wannan kun yi shi?"

"A'a. Na tsallake."

Ya cire hular da ya sa, ya ɗora a gwiwa. Ya juya wajen Baba.

"Hedimasta, ka bar zancen zamewa. Da ka taka, ina ya tafi?"

Baba ya ce, "Ƙasa."

"Sau nawa ka taka?"

"Uku. Ko huɗu."

"Na ƙarshen fa?"

Baba ya runtse ido. "Na ƙarshen ya kama. Amma ta riga ta same ta."

"To je ka ɗauko makullinka inda ka rataye shi. Ƙafarka ba ta yi ƙarya ba. Ko ni ne a ciki ranar, haka za ta yi mini."

Umma ta ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba bai motsa ba. Ni har yanzu ina durƙushe, littafin a buɗe, ina kallon layin da na rubuta da hannuna shekara biyu da suka wuce, na kasa ganin abin da ke cikinsa.

"Amma hutawa ka yi," na ce. "Na gani. Kunu ka sha."

Ya sunkuyo ya ɗora yatsansa mai baƙin farce a kan shafin, ba ma a kan layin daidai ba.

"'Yata, gwangwanin nan da kuka tura ciki, ba ya dawowa da kansa. Sai an yi ta taka birki, mota tana tsaye, sau goma, sau sha biyar, har ya fito ya kama faifai, ki ji abin ya yi tauri a ƙafa. Kafin nan babu birki, ko kaɗan. Ban taɓa faɗa wa babanki ba, don ni kaina ban san ina yi ba, ƙafata ce ta saba. Kunun da hannu nake sha. Ba hutawa nake yi ba, birki nake bugawa. Ke kuma ta taga ba kya ganin ƙafa."